Yadda Ake Auna Sabuntar Dabara a Aikin Injiniya

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin duba aikin ɗaliban injiniya na shekarar ƙarshe, ko ya yi alƙalanci a gasar ƙere-ƙere ta makarantu, ya san inda gardama take tashi. Ko inji yana aiki ko ba ya yi, wannan mai sauƙi ne, a kunna shi kowa ya gani. Rigimar tana gurbin nan da aka rubuta "ƙirƙira" aka ware masa maki ashirin. Malami ɗaya ya ba da sha takwas don bai taɓa ganin irin abin ba, na gefensa ya ba da biyar don ya ga maƙeran Panteka a Kaduna suna yin irinsa tun tuni. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tambayoyi biyu ne ba a amsa ba kafin a zauna: sabo ne idan aka gwada shi da me, kuma ta wane ɓangare yake sabo?

An daɗe ana neman ma'aunin wannan abu. A 1950 masanin halayyar ɗan Adam J. P. Guilford, yana shugaban ƙungiyar takwarorinsa ta Amurka, ya koka cewa an yi watsi da nazarin basirar ƙirƙira. A kan aikinsa aka gina gwaje-gwajen Torrance na 1966, masu duba yawan amsoshin da mutum ya kawo, da fannonin da suka taɓo, da yadda suka fita daban da na sauran jama'a. Amma waɗannan mutum suke aunawa, shi kuwa injiniya dabarar da ke kan takarda ce damuwarsa, don ita za a kashe wa kuɗi. A 2003 Jami Shah na Jami'ar Jihar Arizona, tare da Vargas-Hernandez da Smith, suka fitar da ma'aunai huɗu na dabarun ƙira: yawa, bambanci, sabunta da inganci. Har yau a kansu ake gini, su kuma ake suka.

Mu ɗauki matsalar da kowane gida ya sani, ajiyar wake. Ƙwaron wake yana sa ƙwai a jikin tsaba, tsutsa ta shige ciki ta ci, cikin kamar wata ɗaya idan da ɗumi ta fito ƙwaro, a sake sabon zagaye. Kafin 'yan watanni buhu ya koma ramuka da gari. Abin da aka fi rugawa gare shi guba ne, kuma burbushin maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya a 2015. A ɗauka ka ba ajinka aikin ƙera hanyar da manomi zai ajiye wakensa wata shida lafiya. Lambobin ajin da za su biyo baya na misali ne, an tsara su don lissafin ya fito fili.

Tara dabarun

Sau da yawa a nan awo yake lalacewa, tun ba a ɗauki biro ba. Kada ka nuna wa ɗalibai samfurin wata mafita wai don su gane aikin. Jansson da Smith sun gwada haka a 1991. Sun ba ɗaliban injiniya ayyuka, ciki har da ƙera kofin da ba ya zubar da abin sha, wasu aka nuna musu zanen misali, wasu ba a nuna musu ba. Waɗanda suka ga misalin sai suka riƙa kwaso siffofinsa, har da waɗanda takardar aikin ta hana ƙarara. Idan ka ɗora jarka a kan tebur ranar ba da aiki, jarkoki za ka girba.

Kada kuma a fara da zaman kowa-ya-faɗi-nasa. Tun 1958 wani gwaji a Jami'ar Yale ya nuna cewa mutanen da suka yi tunani ɗaiɗai aka haɗa takardunsu sun fi waɗanda suka zauna tare yawan dabaru. Yayin da ɗaya ke magana sauran jira suke, mai jira kuwa mantawa yake. A wajenmu ga ƙarin kunya da girmama na gaba: yaron shago ba zai katse maigidansa ya ce yana da wata hanya ba. A rubuce ya fi. Akwai tsarin da Bernd Rohrbach ya fitar a Jamus a ƙarshen shekarun 1960: mutum shida, kowa ya rubuta dabara uku cikin minti biyar, ya miƙa takardar ga na kusa ya ɗora a kai. Cikin rabin awa ana iya samun 108. Kowace dabara a sa ta a takardarta, a cire sunan mai ita a sa lamba.

Ma'aunin yawa ba shi da wahala: a fitar da maimaici, a ƙidaya sauran. Amfaninsa kaɗan ne shi kaɗai.

Salsalar dabaru

Ainihin aikin yana wajen rarrabawa. Da farko ka fasa matsalar zuwa ayyukan da dole kowace mafita ta yi: ta kashe ƙwaron ko ta hana shi yaɗuwa, ta tsare wake daga danshi da ɓera, ta bari a ɗibi na miya ba tare da an ɓata sauran ba. Ka ba kowane aiki nauyinsa, a ce 0.5 da 0.3 da 0.2, jimlarsu ɗaya. Ka yanke wannan kafin ka buɗe takardun, in ba haka ba dabarar da ta burge ka ita za ta zaɓa maka nauyin.

Sai ka ɗauki aiki ɗaya ka jera dabarun kamar salsalar zuri'a, hawa huɗu. Hawa na sama shi ne ka'idar asali, wato wace doka ta halitta ce take kashe ƙwaron: guba, rashin iska, zafi, sanyi, ko cike gurbin da ke tsakanin tsaba da toka ko yashi har ya kasa motsi. Na biyu hanyar aiki: a ƙarƙashin rashin iska, wani zai rufe mazubi ruf ya bar ƙwarin su shanye iskar da kansu, wani zai zuƙe ta da famfo. Na uku siffar ƙira: duro ne, ko jarka, ko leda, ko tulun da aka liƙe bakinsa da laka. Na huɗu ƙananan abubuwa, irin su murfi da ɗauri da kaurin leda. Shah ya ba hawayen nan nauyin 10, 6, 3 da 1. Ma'anarsa a fili take: dabaru biyu da suka rabu tun daga ka'ida sun fi nisa da juna sau goma a kan waɗanda murfi kawai ya raba.

Hanya mafi sauƙi ta fitar da makin bambanci, wadda ta yi kusa da gyaran da wasu masu bincike suka kawo a 2009, ita ce ƙidaya wuraren da reshe ya rabu. Dabaru shida suna da rabuwa biyar. A ce rukunin farko duk shidan toshe iska ne: ɗaya da famfo, sauran rufewa, wato duro mai murfi iri biyu, jarka, da leda mai ɗauri iri biyu. Rabuwa ɗaya a hawa na biyu maki 6, biyu a hawa na uku maki 6, biyu a na huɗu maki 2. Jimla 14, a raba biyar, 2.8. Rukuni na biyu shi ma shida ya kawo, amma sun taɓo ka'idoji huɗu, wato rabuwa uku a sama maki 30, da ɗaya a hawa na biyu, ɗaya a na uku. Jimla 39, a raba biyar, 7.8. A ƙidaya kunnen doki suka yi, amma na farko a ɗaki ɗaya ya yi ta zagaye. Lura da cewa wannan maki na tarin ne gaba ɗaya. Dabara guda ba ta da bambanci ita kaɗai.

Lissafin sabunta, da inda yake yaudara

Ga yadda Shah ya tsara shi. Ka ɗauki jimlar dabaru, ka cire adadin waɗanda suka bi hanya ɗaya da wadda kake aunawa, ka raba da jimlar, ka ninka sau goma. A ce an tara hamsin, kuma wajen kashe ƙwaro 22 sun bi maganin kanti, 12 tsirrai irin su barkono da darbejiya, 8 toshe iska, 5 toka ko yashi, 2 zafin rana, 1 firiza. Maganin kanti zai samu 5.6, tsirrai 7.6, toshe iska 8.4, toka 9.0, zafin rana 9.6, firiza 9.8. Haka za ka yi wa sauran ayyukan biyu, sannan ka haɗa da nauyinsu. Dabarar da ta samu 8.4 da 4 da 9 za ta tashi da 4.2 da 1.2 da 1.8, wato 7.2.

Yanzu sake duban jerin. Firiza ce ta zo ta ɗaya, alhali babu sabon abu a cikinta, kuma a ƙauyen da babu wuta ba ta da wani amfani. Toka ta samu tara, abin da kakanninmu suke yi tun kafin a gina makarantar. Lissafin bai auna sabunta a duniya ba, ƙarancin abu a cikin wannan tarin kawai ya auna. Ka kai aikin wani ajin, makin ya canza. Akwai yaudarar da ta fi wannan ma. Barkono da darbejiya sinadarin da ke cikinsu ne yake aiki, don haka wani mai rarrabawa zai iya haɗa su da maganin kanti a reshe ɗaya. Sun zama 34 ke nan, makinsu ya faɗo daga 7.6 zuwa 3.2, ba tare da ɗalibi ya sauya ko layi ɗaya a zanensa ba. Saboda haka mutum biyu ne za su rarraba, kowa shi kaɗai, sannan su gwada. Inda suka saɓa su daidaita su rubuta ƙa'idar da suka bi, a liƙa ta a jikin sakamakon.

Maganin yaudarar farko shi ne gurbi na biyu a takardar maki. Margaret Boden ta raba ƙirƙira gida biyu a 1990: abin da yake sabo ga mai tunanin, da abin da yake sabo a tarihi. Ɗalibar da ta gano toshe iska da kanta ta nuna basira ko da an riga ta, kuma malami yana da hujjar yaba mata. Mai zuba jari kuwa gida na biyun ne ya dame shi. Don cike wannan gurbi sai ka tara abin da yake akwai kafin ka duba takardun. Ka shiga kasuwar hatsi irin ta Dawanau ka ga yadda 'yan kasuwa ke ajiya, ka tambayi malaman gona da tsofaffin mata, ka bincika rumbunan takardun mallakar fasaha na intanet, Espacenet da Google Patents, waɗanda kyauta ne. Sannan ka yanke maki: abin da ke kowace kasuwa sifili zuwa biyu, wanda ake yi a wata ƙasa ko wata sana'a amma ba a kawo shi nan ba biyar zuwa bakwai, wanda ba ka same shi ko'ina ba tara ko goma.

Wani abin lura a nan: idan mai dabara ya zo yana kaɗa takardar mallakar fasaha ta Nijeriya, kada ka ɗauke ta a matsayin shaidar sabunta. Dokar 1970 ta ɗora wa magatakarda duba cikar takardu ne, ba binciken ko wani ya riga mai nema ba; wannan sai an je kotu ake tantancewa. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi kuwa ta ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde suke yin rajista.

A wane hawa sabuntar take

A ganina babban kuskuren kwamitoci shi ne ɗaukar cewa sabunta ta gaske sai a hawa na sama. Genrich Altshuller, wanda ya fara nazarin takardun mallakar fasaha a Baku ta Tarayyar Sobiyet a 1946, ya kasa ƙirƙire-ƙirƙire mataki biyar, daga ɗan gyara a cikin sana'a har zuwa gano sabon ilimi. Mafi rinjaye a matakai biyun farko suka faɗa, na biyar kuwa da ƙyar ya kai kashi 1 cikin 100. Wanda yake jiran sabuwar ka'idar kimiyya daga ɗalibin difloma zai daɗe yana jira, kuma a cikin jiran zai bar abin kirki ya wuce shi.

Buhun PICS misali ne. Toshe iska don ajiyar hatsi tsohon ilimi ne. Abin da masu bincike na Jami'ar Purdue da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka fara a ƙarshen shekarun 1980 shi ne zuba ka'idar a cikin siffar da talaka zai iya saye: leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, a cikin buhun saƙa, kowace da nata ɗaurin. Ƙwarin su shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙauyukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar da Nijeriya. A hawa na farko makinsa ƙasa yake, a na uku yake da ƙarfi. Haka tukunyar Mohammed Bah Abba na Jigawa, wadda ta samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa. Shi ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya mayar da sanyin kan tumatir da gauta da alayyahu. Don haka a takardar maki kada ka rubuta lamba kawai. Ka rubuta hawan da sabuntar ta bayyana.

Inganci

Ana auna shi daban, kuma zai fi kyau ba a zama ɗaya da na sabunta ba, don kada ɗaya ya rina ɗaya. Fara da tankaɗe: duk dabarar da ta saɓa wa dokar halitta ko ta bar guba a abinci, a ware ta. Sauran a bi da su ta jadawalin Stuart Pugh na Jami'ar Strathclyde. Ka zaɓi abin da manomi yake yi yanzu ya zama ma'auni, ka jera sharuɗɗa a gefe: kuɗi, samuwar kayan a kasuwar kusa, jure ɓera, sake amfani baɗi, ko mace ita kaɗai za ta iya sarrafa shi. A kowane sharaɗi ka nuna ko dabarar ta fi ma'aunin, ko ta gaza shi, ko daidai suke. Idan ana son lamba, a mayar da sakamakon zuwa sifili zuwa goma.

Kada a tara makin sabunta da na inganci. Sarkar da Chakrabarti na Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore sun ba da shawarar ninkawa a 2011, kuma suna da gaskiya. Firiza mai sabunta 9.8 da inganci 1 idan aka tara ta samu 10.8, ta doke dabarar da ke da 5 da 5. Idan aka ninka, 9.8 ne da 25. Abin da tarawa ke haifarwa an gan shi a famfon PlayPump na kudancin Afirka, lilon da yara ke juyawa ya ɗago ruwa. Sabuntarsa ta ja miliyoyin daloli a tsakiyar shekarun 2000. Daga baya aka ga ya fi famfon hannu tsada da wuyar gyara, kuma idan yara ba sa wasa mata ne suke tura lilon.

Duk da haka dabara mai sabunta da yawa da ƙarancin inganci ba ta shara ba ce. Shanya wake a kan baƙar leda a rufe da farar leda har zafi ya kashe ƙwarin yana aiki, sai dai ba ya hana wasu sabbi shiga gobe. Haɗa shi da mazubi mai rufuwa, raunin ya tafi. Pugh kansa don irin wannan haɗe-haɗen ya yi jadawalin, fiye da don fitar da zakara.

Alƙalai

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma bincike bai ƙaryata su ba. A 1982 Teresa Amabile ta nuna cewa masana fanni, idan kowa ya duba shi kaɗai, sukan yi kusa da juna wajen gane abin da ya fi ƙirƙira, ko da ba a ba su ma'anar kalmar ba. Sharuɗɗanta su ne ƙarfin hanyar: su zama sun san fannin, kada su yi shawara, su gwada ayyukan da junansu, kuma kowane alƙali a ba shi takardun a jere daban. A aikin wake, ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana ajiye buhuna masani ne, a sa shi tare da malaman. Uku zuwa biyar sun isa. A kula da kyan zane, domin an gwada an ga dabara ɗaya takan samu maki mafi yawa idan hannun gwani ya zana ta. In da hali mutum ɗaya ya sake zana dukansu.

Bayan an gama, jera goman farko na kowane alƙali. Idan yawancinsu sun zo ɗaya, hukuncin ya tsayu. Idan kowa nasa daban, kada a ɗauki matsakaici a wuce; a koma a ji abin da kowa ya gwada da shi. Sannan a aza hukuncin ido kusa da na lissafi. Dabarun da biyun suka saɓa a kansu su za a zauna a tattauna, domin ko dai rarrabawar ce ta karkace, ko alƙalan ne wani abu ya ruɗe su.

Dabaru uku ko huɗu da suka tsira sai a ƙera su. A sami wake daga buhu ɗaya wanda ƙwaro ya fara taɓawa, a cuɗa shi sosai, a ƙidaya masu huda a cikin tsaba ɗari, a rubuta. A zuba awo ɗaya a kowace ƙira, kowace a yi mata aƙalla mazubi uku, a bar wani kason a buhun da aka saba ba tare da komai ba. Tunda zagayen ƙwaron kamar wata ɗaya ne, gwajin mako biyu ba zai nuna komai ba. A bar su wata uku ba a buɗe ba, sannan a ɗibi tsaba ɗari daga sama da tsakiya da ƙasan kowane mazubi a sake ƙidaya ramukan, a shuka wasu kuma a ga nawa za su tsiro.